"Sabo turken wawa" ta hau 'yan kallon shirmen waya kuwa?

Malamin Aji Shida: Assalamu alaikum. Jiya ana tsakiyar darasi wani ɗalibina ya kama rera "tung tung tung sahur", wani shirmen bidiyon TikTok, ƙasa-ƙasa. Da na tsare shi sai ya yi dariya, wai "Malam, brain rot ke damuna." A bakinsu ma'anarta ruɓewar ƙwaƙwalwa, wato ka yini kallon bidiyon shirme a TikTok har kanka ya daina ja. Na ce masa Bahaushe ya riga su, sabo turken wawa. Ya kuka gani, ta hau?

Hajiya Mai Goro: Ta hau ɗaram, Malam. Akuyar da ta saba da turkenta, ko ka kwance igiya nan za ta dawo ta kwanta. Jikata haka take. Ko data ta ƙare, za ka ga babban yatsanta yana shafa fuskar waya yana turawa sama, alhali ba abin da ke motsi.

Ɗan Jami'a: Allah Ya ƙara girma Hajiya, amma ni ina da ja. Karin maganar wani ake jifa da ita, kuma "wawa" zagi ne. Mu kuwa kanmu muke yi wa tsiya, mun san shirme ne muke kallo. Kalmar "brain rot" ɗin ma ba tamu ba ce. Wani marubuci ɗan Amurka, Henry David Thoreau, ya yi amfani da ita tun 1854, yana cewa Ingila na ta neman maganin ruɓewar dankali, ba mai neman na ƙwaƙwalwa. A 2024 ne masu ƙamus na Oxford suka zaɓe ta kalmar shekara, sun ce amfani da ita ya ƙaru da kashi 230 cikin 100 daga 2023. Shi kuma tung tung ɗin daga Indonesiya ya fito a 2025, wani gungume ne riƙe da kulki, ana kwaikwayon kiɗan tashin mutane sahur.

Hajiya Mai Goro: Yaro, wanda ya san turke ne kuma ya koma, ai shi ya fi cancantar sunan.

Baba Tela: Ni a ganina kowanne da wurinsa. Turke yana faɗin abin da ya riƙe ka, ruɓewa tana faɗin abin da ya same ka bayan ka daɗe a ɗaure. Wadda ta fi kama da abin ita ce garin kallon ruwa kwaɗo ya yi mini ƙafa. Yaron shagona ya ƙona wa mutum wuyan shadda da dutsen guga ana gobe ɗaurin aure, ido na kan waya. Ni na biya.

'Yar Damagaram: Baba, da can ana cewa laifin daɗi ƙarewa. To wannan ba ya ƙarewa, ka ture ɗaya wani ya hau. Af, Malam, ƙarfe 2 na dare fa ka turo tambayar nan.

Malamin Aji Shida: Kayya, kin kama ni. Asalin tung tung ɗin na shiga nema bayan isha'i, sai ga wani kifi mai ƙafa uku sanye da takalman Nike. Daga shi ban san inda aka kwana ba.