Yadda ake ƙirga tsarin 0 da 1 wajen gwada bazuwar lambobi

A wata tattaunawa kan yadda ake ƙirga sau nawa wani gajeren tsari na 0 da 1 ya fito a cikin dogon jeri, abin da aka fi nanatawa shi ne a fara tantance irin ƙirgar da za a yi. A jerin 1111, tsarin 11 ya fito sau 3 idan an yarda su hau kan juna, sau 2 idan ba a yarda ba. Kundin NIST SP 800-22, na hukumar ma'auni ta Amurka kan gwajin bazuwar lambobi, ya ware wa kowanne gwajinsa.

Wajen lissafi, wasu sun ba da shawarar a riƙa zame taga mai tsawon m (wato tsawon tsarin) a kan jerin, a mayar da abin da ke cikinta lamba, a ƙara ɗaya a gurbinta cikin jadawali mai gurabe 2^m. Jeri mai tsawon n yana da wurare n−m+1 da tagar za ta tsaya, kuma ana sa ran kowane tsari ya samu kashi ɗaya cikin 2^m.

A ganina gargaɗi mafi amfani ya shafi ƙirgar da ke hawa juna: adadin ba ya zaman kansa, domin 111 kan zo a dunƙule fiye da 001. Saboda haka ba a ɗora masa gwajin chi-square (mai kwatanta adadin da aka samu da wanda ake sa rai) kai tsaye.

Idan ma'aunin yanke hukuncin gwaji 0.01 ne, janareton lambobi mai inganci ma zai faɗi gwajin kusan sau ɗaya cikin 100.