Tsohon cocin Skotlan da zaurensa: me ya sa siffar T, me ya sa danshi?

Ɗalibar_Zane: Salamu alaikum. Ina nazarin zanen tsofaffin coci-cocin karkarar Skotlan, abu biyu sun ɗaure min kai. Da yawansu siffar harafin T gare su, mumbarin kuma yana tsakiyar doguwar katanga maimakon ƙuryar ginin. Sannan zauren taron da ke manne da cocin kusan kullum salonsa daban, kuma rahotannin gyara a mahaɗarsu suke nuna danshi. Masana, a taimaka.

Malam_Tarihi: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Amsar farko tana cikin sauyin addini na 1560. Bayan Skotlan ta koma Furotesta, wa'azi ya zama jigon ibada, sai aka riƙa gini don kunne ya ji. Aka ɗauke mumbari zuwa tsakiyar katangar kudu, yawanci tsakanin dogayen tagogi biyu don haske ya sauka kan littafin mai wa'azi. Da jama'a suka ƙaru, aka huda katangar arewa aka fitar da reshe guda yana fuskantar mumbarin. T ɗin ke nan. A kowane reshe ana ɗora benen katako, ɗaya na attajirin da ke da ƙasar yankin, wani sa'in da matakalarsa ta waje don kada ya cuɗanya da talakawa.

Duba coci 32 da majalisar Birtaniya ta ba da kuɗin ginawa a tsaunukan arewa da tsibirai ƙarƙashin dokar 1823, injiniya Thomas Telford na kula da aikin. An ƙayyade fam 1,500 ga coci da gidan limaminsa, shi ya sa ba ado: bango, rufi, da ɗan gurbin ƙararrawa a ƙolin katanga. Na tsibirin Iona, na 1828, yana cikinsu. Ba duk tsofaffin cocin Skotlan ne T ba dai. Na Burntisland, na 1592, murabba'i ne a kan ginshiƙai huɗu.

Zaure kuwa daga baya ya zo. Har 1925 masu ƙasa ne doka ta ɗora wa ginin coci da gidan limami, zauren taro ba ya cikin nauyinsu. Sai a ƙarni na 19, musamman bayan rabuwar 1843, lokacin da wasu suka ɓalle daga cocin Skotlan suka kafa Free Church, masu ibada suka fara tara kuɗi suna gina shi don makarantar Lahadi da tarurruka. Ginin da ya girmi maƙwabcinsa da shekara ɗari ba za su yi kama ba. A birane akwai waɗanda aka zana tare, kamar Queen's Cross na Glasgo da Charles Rennie Mackintosh ya zana, aka kammala a 1899.

Injiniya_Rufi: Malam ya gama da tarihi, bari in taɓa danshin. Inda rufin zaure ya jingina da katangar coci akwai kwarin da aka shimfiɗa wa dalma, ruwan rufi biyu a nan yake haɗuwa. Dalma tana miƙewa da zafi, ta tsuke da sanyi. Idan aka shimfiɗa falle mai tsawo fiye da kima, sai ya tsage. A kwari mai gangara ba a so ya wuce mita 1.5. Ƙara da ganye da kashin tantabara da ke toshe bakin indararo, ruwa ya taru ya bi ta ƙarƙashi ya jiƙa kawunan katakon da ke cikin bango. Daga nan ruɓa ta kama.

Rufin kansa fallayen dutse ne da ake kafawa kai tsaye a kan allunan katako, ƙusa ɗaya a kai, manya a ƙasa, ƙanana a sama. Dutsen ba ya saurin mutuwa, ƙusar ƙarfe ce ke tsatsa ta sake shi. A cire, a ware masu kyau, a mayar da ƙusar tagulla. Kada a zubar da ko ɗaya, don ma'adinar Ballachulish, inda aka riƙa haƙo irin wannan dutse, ta rufe tun 1955.

Magini_Dattijo: Injiniya, ka bar babban mai laifi: siminti. Da yawa daga waɗannan katangu dutsen yashi ne da aka ɗaure da kwaɓin farar ƙasa, ruwa ya shiga ya fita ta layin kwaɓin. Ka liƙe layin da siminti, ruwan ya rasa hanya sai ta jikin dutsen, sanyi ya daskarar da shi, fuskar dutsen ta ɓare ta bar simintin tsaye cak.

Gyaran shi ne a kankare layin da hannu, zurfin ya kai ninki biyu na faɗinsa, ban da injin yanka. A wanke ƙura, a jiƙa, a cusa kwaɓin farar ƙasa awo 1 da yashi mai kaifi awo 2.5 zuwa 3. A lulluɓe da buhun algarara mai laima na 'yan kwanaki. In sanyi ya yi ƙasa da digiri 5, a ajiye cokali.

Ɗalibar_Zane: Na gode, Baba. To wanne ake fara gyarawa?

Magini_Dattijo: Kwarin dalma da indararo tukuna, 'yata. A bar bangon ya sha iska ya bushe, sannan a zo kan layukan dutse.