An haɗa sunan shagona da damfara a Google, ya zan yi?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Turaren wuta da humra nake sayarwa, shekara shida kenan. Daga ɗaki na fara har na kama shago, da shi nake biya wa ƙannena uku kuɗin makaranta. Kwanaki muka rabu da abokiyar jarina, wannan labari ne daban. Yanzu in an rubuta sunan shagon a Google, shafuka uku ke fitowa a sama, wai ina cin kuɗin mutane ba na tura kaya. A taswirar Google kuma an zuba min tauraro ɗaya-ɗaya har goma sha biyu cikin kwana biyu. Na mayar musu da martani duka. Wani ya ce in kawo dubu ɗari biyu ya goge komai. In biya?

Mai gina shafuka: Hajiya, ko sisi kar ki ba shi. Google nuni kawai yake yi, shafin yana ajiye a kamfanin da ya ba shi masauki. Fara tara hujja: hoton kowane shafi da adireshinsa da kwanan wata, ki adana kwafi a Wayback Machine, wato rumbun adana shafukan intanet, kafin su sauya rubutun. Duba ranar rajistar adireshin a WHOIS, wurin duba bayanan rajistar adireshin shafi. In ukun mako guda aka yi su, da alama hannu ɗaya ne. Sai ki rubuta wa sashen ƙorafi na masaukin. Taurarin kuwa, ta Google Business Profile, wato bayanan shagonki a Google, za ki kai rahoton kowanne daban a matsayin na bogi. In an cire shafi amma yana fitowa, akwai fom ɗin Refresh Outdated Content na neman Google ya daina nuna shi.

Wani mamba: Ta yi Disavow kawai, an wuce wurin.

Mai gina shafuka: Malam, Disavow na gaya wa Google ya yi watsi da mahaɗan banza (links) ne da aka jefo wa shafinka, ta Search Console, manhajar Google ta masu shafuka. Ba ya taɓa shafin wani. Tun 2016 ma Google ke watsi da yawancinsu da kansa. Hajiya kina da shafi naki kuwa?

Mai karatun lauya: Duk zagaye ne wannan. Kan ɓata suna, Google kan nemi umarnin kotu kafin ya cire. Lauya ya fara da takardar gargaɗi. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015, mai magana kan cin zarafi ta intanet, an taƙaita shi a 2024, ƙarar ɓata suna ta fi dacewa. Sai dai shari'a ga ɗage zama, ga cin kuɗi, talaka ya gaji ya bari.

Mai tambaya: Instagram da WhatsApp kawai gare ni. Kuma martanin dole ne, in na yi shiru ai an ce gaskiya ne. Mutumin nan mai neman dubu ɗari biyu ya nuna min aikin da ya yi wa wasu.

Mai gina shafuka: Martani ɗaya mai sanyi ya isa. Amma daina tura wa mutane adireshin shafukan, tallata su kike yi. Rashin shafin ne ya bar musu fili. Ki buɗe naki da sunan shagon, ki sa lambar rajistar CAC da hotunan kaya, kwastomomin gaske su rubuta sharhi a hankali, ba rana ɗaya ba. Aikin watanni ne. Hoton aiki kuma kowa na iya haɗawa.

Mai tambaya: Watanni? Sallah saura mako biyar. In na ba shi rabi fa, sauran sai ya gama?