Wai Legas Ce Ta Ceci Wings?

Sani Mai Faifai: Jama'a, abin nan ya ishe ni. Duk sanda Turawa suka tashi ba da labarin faifan Band on the Run, abu uku suke tunawa game da Najeriya: 'yan fashi, kwalara, da situdiyon da bai da kayan kirki. Alhali ku dubi halin da Paul McCartney yake ciki kafin ya zo. Ƙungiyarsa ta mawaƙa, Beatles, ta watse a 1970, ya kafa sabuwar ƙungiya mai suna Wings a 1971 shi da matarsa Linda da Denny Laine, masu sharhin jaridu suna ta yi masa dariya. Ana shirin tahowa mai jita Henry McCullough ya ajiye aiki, mai ganga Denny Seiwell ya bi bayansa. Su uku kacal suka sauka Legas a daminar 1973, suka shiga situdiyon EMI na Apapa, suka fito da faifan da ya hau na ɗaya a Amurka da Ingila. Legas ce ta ceci Wings, amma tukuicinmu shi ne sunan ɓarayi. Wanda bai yarda ba ya fito.

Malam Habu: Subhanallah. Malam Sani, gyara kalamanka. Gari ba ya ceton kowa. Ceto na Allah ne.

Baban Hanifa: Haba Malam. Kullum a labarai ana cewa 'yan kwana-kwana sun ceto yaro daga rijiya, ban taɓa jin ka kira gidan rediyo ka yi gyara ba.

Malam Habu: 'Yan kwana-kwana mutane ne, Allah ya sa su zama sanadi. Legas fa? Gadar ce ta cece shi ko tekun?

Sani Mai Faifai: Malam, ka san abin da nake nufi.

Malam Habu: Abin da ka rubuta na sani. Zuciyarka kuwa ban shiga ba.

Hajiya Bilki: Ni ba ruwana da gyaran Malam, amma ko a ma'anar da Sani yake nufi kalmar ba ta zauna ba. Wanda ya kusa nutsewa ake ceto. A wannan shekarar ta 1973, kafin su taho, faifansu Red Rose Speedway ya hau na ɗaya a Amurka, waƙar My Love ma haka, kuma su suka yi waƙar fim ɗin James Bond, Live and Let Die. Wannan ne mai neman agaji?

Sani Mai Faifai: Hajiya, ciniki daban, mutunci daban. Dubi tsofaffin abokansa na Beatles: George Harrison ya fitar da All Things Must Pass a 1970 ana ta yabo, John Lennon ya fitar da Imagine a 1971 ana ta yabo, har ya saka waƙar habaici ga Paul a ciki. Shi kuwa Paul ana cewa waƙoƙin yara yake yi. Bayan Legas ne bakin kowa ya mutu, Lennon ɗin da kansa ya yabi faifan.

Hajiya Bilki: To ka ce ya dawo da mutuncinsa. Ka bar ceto.

Sani Mai Faifai: Mene ne bambancin?

Malam Habu: Alhamdulillahi, ga Hajiya ma ta ga abin da na gani.

Hajiya Bilki: A'a Malam, kada ka ja ni cikin sahunka, hanyarmu ba ɗaya ba ce.

Nura Kwari: Ni dariya ma abin ya ba ni. Paul ya fita yawo da dare a Legas shi da matarsa, aka tare su da wuƙa, aka ƙwace jakar da ke ɗauke da kaset ɗin gwajin waƙoƙin da takardun baitocin. Sai da ya zauna ya riƙa tuno su da ka. Garin da aka yi masa wannan shi ne ya cece shi? Kuma Yaya Sani ka daina cewa an sa mana sunan ɓarayi. Da wuƙa aka zo, fashi ne.

Baban Hanifa: Kai kuma ka zo ka ƙara mana daraja ke nan, daga ɓarayi zuwa 'yan fashi.

Sani Mai Faifai: An gargaɗe su kada su fita da ƙafa da dare, suka yi kunnen ƙashi. A Landan ba a fashi? A Liverpool ɗinsu fa? Kuma wahalar ce ta gasa faifan. Na'urar ɗaukar sautin Apapa layi takwas gare ta, babu mai ganga, dole Paul ya zauna kan gangunan da kansa, ya kaɗa bes, ya kaɗa jita, Geoff Emerick yana haɗa sauti. Da a situdiyon Abbey Road na Landan suke cikin sanyi da shayi, da irin faifan baya za su sake yi. Emerick har kyautar Grammy ya samu kan aikin nan.

Hajiya Bilki: Kyautar da ya samu saboda ya iya fitar da sauti mai kyau daga kayan da ba su da kyau. Wannan yabon Emerick ne, ba na Apapa ba. Sannan ka tambayi kanka nawa ne aikin da aka yi a Legas. Waƙar Jet gaba ɗayanta a Landan aka ɗauka. Gogen Turawa da ƙahonnin da ke cikin faifan Tony Visconti ne ya tsara, a situdiyon AIR na Landan aka ɗora su cikin Oktoba. Hoton bangon faifan, inda suka yi shigar fursunoni masu gudu tare da 'yan fim irin su Christopher Lee da James Coburn, a Osterley Park aka ɗauka. Hatta waƙar Mamunia da wasu ke zaton kalmar Najeriya ce, sunan otal ne a Marrakesh ta Maroko.

Nura Kwari: Hajiya ta zo da kundinta. Yaya Sani sai haƙuri.

Baban Hanifa: Amma akwai wurin da kalmar Sani ta zauna daram. Wata rana Paul ya fita daga situdiyon shan iska ya yanke jiki ya faɗi, Linda ta ɗauka zuciya ce. Aka kai shi wurin likita aka ce numfashi ne ya sarƙe saboda yawan shan taba. To Malam Habu, wannan likitan na Legas ya cece shi ko bai cece shi ba?

Malam Habu: Kwanansa ne ba su ƙare ba. Kuma tunda ka kawo maganar taba, wace irin taba? Mutumin da aka kama a filin jirgin Tokyo a Janairun 1980 da wiwi a akwati, ya yi kwana tara a tsare, shi kuke ɓata dare a kansa.

Anti Ladi: Malam, kai da ba ka jin kiɗa ina ka san kwana tara ne?

Malam Habu: Sanin sharri don a guje masa ba laifi ba ne.

Ɗan Maraɗi: Ni tambaya gare ni. Sani ya ce "tukuicinmu". Kai da wa? Kai ɗan Kano ne. Da an ce kalangu ko kuntigi aka saka a faifan, sai mu ce namu. Wane makaɗin Najeriya ne ma a ciki?

Hajiya Bilki: Mutum ɗaya, Remi Kabaka, ya yi kiɗa a waƙar Bluebird. Shi ma a Landan aka ɗauki nasa.

Sani Mai Faifai: Ai laifin Fela Kuti ne wannan. Paul ya je Shrine, gidan rawar Fela, ya ga wasansa, shi da bakinsa ya ce sai da ya yi hawaye don daɗin kiɗan. Ya so ya ɗauki wasu makaɗan gida. Sai Fela ya fito fili ya zarge shi da zuwa satar kiɗan baƙar fata. Dole Paul ya kira shi situdiyo ya kunna masa waƙoƙin ya ji babu kiɗan Afirka a ciki. Daga nan aka fasa. Da Fela ya yi shiru, da yanzu sunan mutanenmu yana jikin faifan da aka sayar da miliyoyi.

Anti Ladi: Kada ka kuskura ka taɓa Fela. Da sunansu na jiki, kuɗin na aljihun wa? Fela ya san abin da yake karewa. Kuma ba ƙin Bature yake ba, ai ya yi faifai da Ginger Baker na ƙungiyar Cream a 1971. Baker ya zo ya zauna, ya gina situdiyonsa a Ikeja, ya koyi kiɗan a hannun masu shi. Naka kuwa makonni ya yi ya kwashe kayansa.

Baban Hanifa: Baker ɗin ma ai ya ji haushi ba a yi aikin a wurinsa ba. Don a lallashe shi aka je aka ɗauki Picasso's Last Words a can, har ya girgiza musu gwangwani da tsakuwa a ciki.

Nura Kwari: Tsaya, Yaya Sani. Yanzu da bakinka ka ce Fela ya saurara bai ji kiɗan Afirka ba. To da me Legas ta yi ceton?

Sani Mai Faifai: Da iskarta. Kai ba za ka gane ba, ɗan Manchester United ne kai, duk abin da ya fito daga Liverpool ƙinsa kake yi.

Nura Kwari: Ashe ma ba ka san gidan su Paul 'yan Everton ba ne.

Sani Mai Faifai: Ya ce duka biyun yake so.

Nura Kwari: Mai son Everton da Liverpool lokaci guda ai ba ya son ƙwallo.

Anti Ladi: Ni har yanzu ina jiran Sani ya janye maganarsa kan Fela. Mutumin da sojoji suka ƙona gidansa a 1977 saboda faɗin gaskiya.

Malam Habu: Shi ma dai mashayin ne.

Anti Ladi: Malam, ka fita idona.

Kawu Isa, mai kula da zaure: To ya isa haka, dare ya yi. Ga abin da na fahimta. Sani ya kawo magana ba hujja, Hajiya Bilki ta rushe ta da hujja, an wuce wurin. Malam Habu yana da gaskiya kan kalmar, a kiyaye. Abin da duk kuka kauce wa, kuma shi ne gaskiyar lamarin, Wings ba ƙungiya ba ce, Paul ne da iyalinsa da Denny Laine mai haƙuri, wanda ya mutu ranar 5 ga Disambar 2023, shekara hamsin cif da fitowar faifan a Amurka. Tun da Lennon ya rabu da shi Paul bai sake yin abin da ya kama ƙafar faifan Beatles mai suna Abbey Road ba, ko a Legas ko a Landan. Kowa a nan ya yarda da haka. An rufe.

Hajiya Bilki: Kawu, wa ya yarda? Ni ban ce faifan bai kai ba, cewa na yi ba a Apapa kaɗai aka yi shi ba. A wurina ya fi Let It Be na Beatles nesa ba kusa ba.

Sani Mai Faifai: Kun ji ko? Hajiya ta dawo hanya.

Hajiya Bilki: Ban dawo ko'ina ba.

Anti Ladi: Kawu, kuma ba ka rubuta cewa Sani ya zagi Fela ba.

Kawu Isa, mai kula da zaure: Na ce an rufe. Wanda ya sake turo wani abu zan cire shi sai bayan Juma'a.

Nura Kwari: Everton dai, Yaya Sani.