Da gaske ne rundunar ruwan Chaina ta wuce ta Amurka?

Ɗan Jekadafari:
Assalamu alaikum. Masana harkar tsaro, a taimaka mana. A majalisarmu ta nan Gombe gardama ta ƙi ci ta ƙi cinyewa: wasu sun ce Chaina ta riga ta wuce Amurka a teku tunda ta fi ta yawan jiragen yaƙi, wasu sun ce taron tsintsiya ne ba shara. Su kansu Amurkawan ana jin suna kokwanton ƙarfin nasu. Da me ake auna ƙarfin rundunar ruwa?

Malam na Pantami:
Wa alaikumus salam. Maganar yawa gaskiya ce. Ma'aikatar tsaron Amurka da kanta ta ƙiyasta jiragen Chaina sun haura 370, ita kuwa nata ba su cika 300 ba. Amma ƙidayar kai ba ta faɗin girma. Amurka na da manyan jiragen dakon jiragen sama 11, duka da nukiliya suke tafiya, mafi girmansu na kai tan 100,000. Chaina na da 3: Liaoning, Shandong da Fujian, kuma duka sai an sha musu mai. Jiragen Amurka na ƙarƙashin teku ma duk na nukiliya ne, alhali yawancin na Chaina dizal suke sha.

Sai dai ka duba inda za a gwabza. Mashigin da ya raba Chaina da Taiwan bai fi tazarar Gombe zuwa Bauchi da wani abin kirki ba. Jirgin da ya taso daga San Diego kuwa sai ya yi kusan mako biyu a hanya. Chaina a ƙofar gidanta take, ga makamai masu linzami irin DF-21D da DF-26 da take iya harbawa daga tudu.

Injiniya, Bolari:
Malam ya kawo magana, amma ni a ganina asalin kokwanton a wurin gyara yake. Duk mai harkar tireloli ya san mota goma a takarda ba mota goma ba ce a kan titi. Ƙa'idar da aka saba da ita a rundunar ruwa ita ce kashi uku: ɗaya na bakin aiki, ɗaya na atisaye ko kan hanya, ɗaya na wurin gyara. Ke nan cikin 11 ɗin nan, uku ko huɗu ne za ka tarar a fagen aiki a lokacin da babu yaƙi.

Ruwan gishiri ba ya raga wa ƙarfe. Dole lokaci-lokaci a shigar da jirgi ramin gyara, a tsotse ruwan, a kankare tsatsa, a duba farfela da sandar da ke juya ta, a sake fenti. Jirgin dakon jiragen sama mai tafiya da nukiliya idan ya kai wajen shekara 25 sai an sauya masa makamashi, aikin da ke cin kimanin shekara 4. Wuraren gyara na gwamnatin Amurka da ke taɓa jiragen nukiliya huɗu ne kacal: Norfolk, Portsmouth, Puget Sound da Pearl Harbor. Idan ɗaya ya makara, layi ya taru. Jirgin ƙarƙashin teku USS Boise tun 2017 aka hana shi nutsewa, ya shafe shekaru yana jiran gyara. Ga ƙarancin ƙwararrun masu walda, waɗanda ba a horar da su a wata shida. Shi ya sa ake son ƙera jiragen ƙarƙashin teku samfurin Virginia biyu a shekara amma ba a cimma hakan.

Chaina kuwa ita ke ƙera kusan rabin jiragen kasuwancin duniya. Idan yaƙi ya yi tsawo, wannan ne abin tsoron: wa zai riga maye gurbin abin da ya nutse.

Hajiya ta Tudun Wada:
Injiniya, ƙara da batun harsashi. Jirgin Amurka samfurin Arleigh Burke na da ramukan harba makamai masu linzami 90 zuwa 96, na Chaina samfurin 055 na da 112. Idan suka ƙare, a yadda aka saba sai jirgin ya koma tasha a ɗora masa wasu da ƙugiya, domin igiyar ruwa ba ta barin a zura makami a rami a tsakiyar teku. Kwanaki ke nan ba ya fagen daga. A Bahar Maliya tun ƙarshen 2023 an ga ana harba makamin SM-2 na kusan dala miliyan 2 don kakkaɓo jirgi maras matuƙi na 'yan Hutsi na Yaman da bai kai ko kusa da wannan kuɗi ba.

Wannan rauni ba na Amurka kaɗai ba ne. A Afrilun 2022 Yukiren, wadda ba ta da rundunar ruwa ta a zo a gani, ta nutsar da Moskva, babban jirgin Rasha a Bahar Aswad, har Rasha ta kwashe jirage da yawa daga Sebastopol zuwa Novorossiysk.

Malam na Pantami:
Haka ne, Hajiya. Abu ɗaya zan ƙara wa Ɗan Jekadafari ya kai majalisa: rundunar ruwan Chaina ta yau ba a taɓa gwada ta a babban yaƙi ba, kuma sansaninta na waje da ta amsa sunansa shi ne na Jibuti da ta buɗe a 2017. Amurka na da tashoshi a Japan, Guam da Bahrain inda jirgi zai sha mai ya ɗauki makamai. Kusa da Taiwan, Chaina na da rinjayen kusanci. Da an yi nisa zuwa tekun Indiya, jiragenta na dakon mai da abinci ne za su fara gazawa.