A rushe ginin makarantar Mohawk ko a bar shi?

Baban Khalifa: Ni fa har yanzu ban ga hikimar zuba miliyoyin daloli wajen gyara tsohuwar makarantar kwana ta Mohawk da ke Brantford a Kanada ba. Wurin da aka yi ta raba 'ya'yan 'yan asalin ƙasar da iyayensu tun wajejen 1830 har 1970, a aske wa yaro kai, a ba shi lamba, in ya yi yarensu ya sha bulala, wannan ai rusau ya dace da shi wallahi.

Maman Ilham: Baban Khalifa da izininka, ba gwamnati ce ta ce a bari ba fa. Da rufin ya fara yoyo a 2013 an tambayi jama'ar wurin har da tsofaffin da suka yi zaman makarantar, mafi yawansu suka ce a gyara. A bayan ginin akwai sunayen da yaran suka karce a jikin bulo, in katafila ta bi ta kai wa zai yarda da maganarsu gobe?

Baban Khalifa: Hajiya yaran da kansu suka banka mata wuta a 1903, ginin da ke tsaye yanzu a 1904 aka sake gina shi. Kin ga sun riga sun faɗi ra'ayinsu. Kuma a garin Alert Bay da ke yammacin Kanada an rushe wata makaranta irinta mai suna St. Michael's a 2015, tsofaffin ɗalibai har jifan ginin suka yi.

Auwal Tela: Ni dai tambayata, duk da haka ba sun samu ilimi ba? Cocin Anglika da ta gudanar da makarantar ai karatu ta kawo musu.

Maman Ilham: Wane ilimi Auwal, rabin yini ake aji sauran maza na gona mata na wanki da ɗinki, abinci kuwa kunu safe da yamma alhali gonar makarantar na fitar da ƙwai ana sayarwa. Yara wajen 150,000 ne suka bi ta irin waɗannan makarantu a faɗin Kanada, dubbai ba su koma gida ba, firaministan Kanada na lokacin Stephen Harper ya nemi gafara a 2008, hukumar gaskiya da sulhu kuma a 2015 ta kira abin kisan kiyashi ga al'ada. Tambayar nan taka ita ce dalilin da ya sa nake so ginin ya tsaya.

Malam Sabo: Ku duka biyun kuna da hujja, amma Baban Khalifa ka manta tun 1972 wurin ya koma cibiyar al'adu ta Woodland, a hannun 'yan asalin yake, suna aikin raya harsunan da aka hana yaran yi.

Baban Khalifa: Na ji Malam, amma wanda aka daka a ginin nan kuma kullum yana wucewa ta gabansa fa? Shi har yanzu ba ku ba ni amsarsa ba.