Me ya sa ake rubuta Leicester amma a ce "Lesta"?

Ɗan Fagge:
Salamu alaikum jama'a. Tun 2016 da Ahmed Musa ya koma Leicester nake ta cewa "Laisesta" a gidan kallon ƙwallo, sai da wani yaro ya sheƙe da dariya, wai "Lesta" ake cewa. Jiya kuma 'yata 'yar aji uku ta tsare ni: "Baba, k ɗin da ke gaban knife aikin me yake yi?" Na ce ta je ta ci abinci tukuna. Don Allah masana, Turawan nan da gangan suka yi?

Tsohon Malami:
Wa alaikumus salam. Ka gaya wa 'yarka k ɗin nan ya taɓa yin aiki. Da can Ingilawa suna furta shi a knife da knee, kuma gh na night ma ana jin sa a maƙogwaro. Sai William Caxton ya kafa injin buga littafi a Westminster da ke Landan a 1476, rubutu ya fara zama wuri ɗaya, baki kuwa bai tsaya ba. Tsakanin 1400 da 1700 dogayen wasulansu suka sauya gaba ɗaya: time da ake cewa kamar "tiim" ta koma "taim". Wanda ya fi ba ni haushi shi ne b na debt. Ba a taɓa furta shi ba, malamai ne suka cusa shi don ta yi kama da debitum ta Latin. Iyayi kawai.

Hajiya Mai Shago:
Malam, ai mu ma mun ci gadon bakin Ingila. Mota, direba, lauya, minista, dukkansu da r suke ƙarewa a rubutun Turanci, amma mutanen kudancin Ingila sun daina furta ta, haka muka ji muka ɗauka. Ba'amurke ko ɗan Sikotilan kuwa har gobe sai ya fito da ita.

Basakkwace:
Ɗan Fagge, kafin mu yi wa Turawa dariya, rubuta mini "gari". Na zama kake nufi ko na tuwo? Kuma in na ce "hwari" kai ka ce "fari", wa ya yi kuskure?

Ɗan Fagge:
Na gode ƙwarai. Basakkwace, wannan rigimar a bar ta sai mun haɗu. Bari yarinyar ta dawo daga Islamiyya.